Curin shayin Sin da aka kawo muku tsaraba: ku gane shi kafin ku sa a buta



Idan kuna da ɗan'uwa ko maƙwabci mai zuwa Guangzhou saro kaya, ko yaro mai aiki da wani kamfanin Sinawa a nan Legas, da wuya a ce ba ku taɓa cin karo da wannan tsaraba ba. Wani abu ne mai tauri, zagayayye kamar faifai, an naɗe shi da farar takarda mai laushi, rubutun da ke jikinta kuma duk Sinanci. Wani lokaci ya zo kamar sandar sabulu, wani lokaci ƙanana-ƙanana a naɗe kamar alewa. A nan Agege, daga Zango zuwa Pen Cinema, an sha kawo mini irinsa kantin magani, kuma tambayoyin ba sa wuce uku: mene ne wannan, ana shansa, maganin me yake yi? Wasu suna rage murya kafin su tambaya, don tsoron kada a ce wiwi ce. Wasu kuma tuni sun fara sha, saboda an gaya musu yana narkar da teɓa.

Amsar a taƙaice ita ce yawanci shayi ne na gaske, kuma da ido da hanci da ruwan zafi za ku iya gane irinsa. Sai dai abin sha ne, ba ya tsayawa a madadin maganin da likita ya rubuta, kuma akwai wanda shara ta fi dacewa da shi.

Me ya sa ake cure shayi?

Ganyen da ke cikin wannan curi ɗan gida ɗaya ne da na Lipton da ake haɗa muku a teburin mai shayi da burodin Agege, da wanda ake nomawa a tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da koren shayin da Buzaye ke dafawa a 'yar buta kan gawayi. Itace ɗaya ne, masana suna kiransa Camellia sinensis. Bambancin yana wajen sarrafawa.

Dalilin cure shi kuwa mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ku tuna kantun gishirin Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa Kano. Abin da za a ɗora wa dabba ta yi wata da watanni a hanya, gara a dunƙule shi, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi jure tafiya. Haka Sinawan lardin Yunnan, a kudu maso yammacin ƙasar, suka riƙa turara ganyen shayi su matse shi, su ɗora wa dawaki da alfadarai zuwa Tibet, inda ake musayarsa da dawaki. A Tibet da Mongoliya har kuɗi aka taɓa yi da bulon shayi. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Pu'er, sunan wani gari ne a Yunnan da ya kasance kasuwar shayin. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sa tsofaffin dazuzzukan shayi na tsaunin Jingmai da ke yankin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Ku fara da siffa da nauyi

Mai kama da faifai, da ɗan rami a tsakiyar bayansa, shi ne ya fi yawa. Ku ɗora shi a sikeli. Idan ya ba ku giram 357 ko kusa da haka, alama ce mai ƙarfi cewa Pu'er ne, domin wannan ne nauyin da aka saba yinsa, ana haɗa guda bakwai a ƙunshe da ɓawon gora. Mai kama da ƙaramin ƙoƙo ko sheƙar tsuntsu yawanci giram 100 ne, ƙanenansa masu kamar alewa kuma giram 3 zuwa 5, kowanne na buta ɗaya. Mai kama da bulo yakan zo a giram 250, akwai kuma manya da suka kai kilo. Akwai wanda ake cusawa cikin busasshen ɓawon ƙaramin lemo, shi ma Pu'er ne, ɓawon ke ƙara masa ƙamshi.

Siffa kaɗai ba ta gama magana. Ana cure farin shayin lardin Fujian a faifai, za ku gan shi da ganye masu haske da ɗan gashi-gashi fari. Lardunan Hunan da Shaanxi kuma suna yin nasu baƙin bulon mai suna Fu, wanda za mu dawo kansa. Don haka mataki na biyu shi ne takarda.

Takardar tana magana

Kada ku yar da takardar da aka naɗe shi, ita ce shaidarsa. Ku ɗauki waya, ku buɗe manhajar Google Translate, ku haska rubutun da kyamara, za ta fassara muku. Ko babu waya, ku nemi waɗannan alamu: 普洱 shi ne sunan Pu'er. 生 na nufin ɗanye, 熟 kuma nunanne. Waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi muhimmanci.

Ɗanyen shi ne wanda aka shanya a rana, aka turara, aka matse, aka bar shi ya tsufa da kansa shekara da shekaru. Nunannen kuwa an tara ganyen ne tsibi, an yayyafa masa ruwa, an rufe shi na makonni har ya ruɓa ruɓa mai tsari, kwatankwacin yadda iyayenmu ke rufe kalwa ta zama daddawa. Wannan dabara ba tsohuwa ba ce, a 1973 aka fara ta a masana'antar shayi ta Kunming, don a samu ɗanɗanon tsohon shayi ba tare da jiran shekaru ba.

Ku duba ranar da aka yi shi. Sinawa suna fara rubuta shekara, sannan wata, sannan rana. Ku duba sunan masana'anta da adireshinta, da lambar lasisi mai farawa da haruffan SC da lambobi 14 a bayansu. Tsofaffin kaya suna ɗauke da alamar QS a maimakonta. Pu'er da aka yi bisa ƙa'idar ƙasar yakan ɗauki lambar GB/T 22111. Idan kun buɗe, sau da yawa za ku ga wata 'yar takarda a maƙale cikin ganyen kansa. Ba datti ba ce, tambarin masana'anta ne da aka matse tare da shayin. Wani kuma yana da lambobi huɗu, kamar 7542 ko 7572. Biyun farko shekarar da aka ƙirƙiro haɗin ce, watau 1975, na uku darajar ganye, na ƙarshe kuma lambar masana'anta. Saboda haka ganin 75 ba ya nufin curin da ke hannunku tun 1975 aka yi shi.

Sai ku karanta jerin abin da ke ciki. Shayi na gaske abu ɗaya ne a jerinsa: ganyen shayi. Idan fassarar ta fito da sunayen wasu ganyaye da saiwoyi, ko kalmomi irin su rage ƙiba, wanke ciki, ƙarin kuzari, to kun bar sahun shayi kun shiga sahun haɗin magani, hukuncinsa daban ne.

Hanci, ido da ruwan zafi

Ku shinshina. Nunanne yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ko na tsohon katako. Ɗanye yana ƙamshin busasshiyar ciyawa, wani da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Idan kuka ji warin ɗakin da ya daɗe a rufe da damina, ko tsami mai hawa kai, ko warin kananzir ko kafur, ku haƙura da shi.

Ku sa bakin wuƙa ta gefe ku ɓamɓaro kamar giram 5, watau cikin babban cokali, ku duba cikinsa a haske. Duk fumfuna mai gashi-gashi, fara ko koriya ko baƙa, hukuncinta shara. Kankare saman ba ya wadatarwa, ruwan zafi kuma ba ya kashe gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari, irin wadda ake samu a gyaɗa da masarar da aka adana da laima, mai illa ga hanta. A nan ne bulon Fu ya fita daban: a cikinsa akwai ɗige-ɗige ruwan ɗorawa kamar an barbaɗa gari, waɗanda masana'anta ke rainonsu da gangan, Sinawa na kiransu furen zinariya. Amma ido ba ya iya raba su da muguwar fumfuna mai irin launin. Idan takardar ba ta nuna 茯 ba, kuma kuka ga rawaya a ciki, kada ku yi caca da hantarku.

In ya tsallake wannan, ku zuba masa tafasasshen ruwa, ku tsiyaye nan take ku zubar. Wankewa ce, Sinawa ma haka suke yi. Ku sake zuba ruwa, ku jira daƙiƙa 20 zuwa 30, ku tace a kofin gilas. Ɗanye yana ba da ruwa rawaya ko ruwan zuma, da ɗaci da bauri. Nunanne yana ba da ja mai duhu kamar zoɓo ya haɗu da kofi, ba shi da bauri sosai. Kowanne ne, ruwan ya zama garau. Ganye ɗaya ana iya sake zuba masa ruwa sau biyar ko fiye.

Daga ƙarshe ku baje jiƙaƙƙen ganyen a faranti. Ganyen shayi yana da gefe mai tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, tare da 'yan ƙirare. Idan kuka ga 'ya'yan itace, ko gari da ya kwanta a ƙasan kofi, ko ganyaye iri-iri da ba su yi kama da juna ba, abin da ke hannunku ba shayi zalla ba ne.

Abin sha ne, ba magani ba

Kwanakin baya wani dattijo ɗan goro, wanda ya shekara yana karɓar maganin hawan jini a wurinmu, ya yi wata biyu bai leƙo ba. Da ya zo, ciwon kai ne ya kawo shi. Na ce, “Baba, ina maganinku?” Ya ce, “'Yata, ai na samu wanda ya fi shi, yaron nan ya kawo mini daga Sin, safe da yamma nake sha.” Da na gwada jininsa, sai da na sa aka kira ɗansa ya kai shi asibiti a ranar. Shayin nasa lafiyayye ne, nunannen Pu'er mai kyau. Laifin na wanda ya ce masa magani ne.

An yi gwaje-gwaje kan Pu'er, mafi yawa a jikin ɓeraye, kaɗan a jikin mutane, wasu sun nuna ɗan sauƙi a kitsen jini da nauyin jiki. Wannan bai kai ya zama maganin hawan jini ko ciwon suga ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki ko ya taɓa ƙoda. Duk wanda ke kan magani ya ci gaba da shansa, shayi ya zauna a matsayinsa na shayi. Mai ciwon suga kuma ya tuna, idan ya zuba ƙwayar suga huɗu da madarar gwangwani a kofi, duk wani amfanin ganyen ya tafi.

Kamar kowane shayi, yana ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke hana barci ya kuma sa zuciya bugawa da sauri. Kofin shayi na yau da kullum yana da kimanin miligiram 30 zuwa 50, idan aka cika ganye aka daɗe ana tafasawa ya zarce haka. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, mai juna biyu kuma 200. Ku tuna goro ma yana da kafeyin, haka kofi da lemon ƙara kuzari. A garin da goro ya tara mu kamar Agege, lissafin na haɗe ne.

Mai juna biyu da aka ba ƙwayar ƙarin jini a wajen awo, kada ta haɗiye ta da shayi. Sinadarin da ke sa baurin shayi yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar ya hana hanji tsotse shi. A bar tazarar awa biyu tsakaninsu. Haka duk mai ƙarancin jini, kada ya riƙa kora abinci da shayi. Mai shan ciprofloxacin, wanda ake yawan rubutawa masu taifot da ciwon mafitsara, ya rage shayi har ya gama, domin maganin na hana hanta saurin fitar da kafeyin, sai mutum ya ji rawar hannu da bugun zuciya. Mai asma da ke shan theophylline ko aminophylline shi ma ya yi hattara, aikinsu da na kafeyin na haɗuwa. Mai shan warfarin don tsinka jini ya sanar da likitansa kafin ya mayar da kowane sabon shayi abin shan kullum. Mai gyambon ciki kada ya sha ɗanyen Pu'er da safe ciki babu komai. Ƙananan yara kuwa ba nasu ba ne.

Akwai ƙarin magana kan bulo mai araha, wanda ake yi da tsofaffin ganye da ƙirare. Tsohon ganyen shayi yana tara sinadarin fuloraid, wanda kaɗan daga cikinsa ke kare haƙori, amma yawansa na tsawon shekaru ke ɓata haƙori ya sandarar da ƙashi. An ga wannan a Tibet da Mongoliya ta Gida, inda ake wuni ana tafasa bulon, har gwamnatin Sin ta sa iyaka a 2005 cewa kada ya wuce miligiram 300 a kowane kilo. Mai shan kofi ɗaya ko biyu ba shi da abin tsoro. Wanda ya kamata ya sauya hali shi ne mai barin buta kan wuta tun safe har dare.

Shayin rage teɓa

Inda na fi jin tsoro shi ne kayan da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook da sunan shayin Sin mai narkar da kitse cikin mako biyu. Da yawansu ganyen filasko ne a ciki, mai sa gudawa. Abin da sikeli ya nuna ya ragu ruwan jiki ne, kuma yawan shansa na zubar da gishirin da zuciya ke buƙata, ya kuma sangartar da hanji. Mafi muni, hukumomi a ƙasashe daban-daban sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kaya. Magani ne na rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka da ita kanta Sin a 2010, saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Uwargida, idan kika sha wani shayi kika ji bakinki ya bushe, abinci ya fita ranki, barci ya ƙaurace, zuciya na dukan uku-uku, ki tsaya nan take, ki ɗauki kwalin ki je asibiti da shi.

Tsarabar da ɗan'uwa ya riƙo muku a jaka ba za ta zo da lambar NAFDAC ba, wannan ba laifi ba ne. Amma duk wanda ake sayarwa a kanti, ko a Agege ne ko a kasuwar Sinawa ta Ojota, doka ta ce ya ɗauki lambar rajistar hukumar da bayani cikin Turanci. Lambar tana nuna an yi wa kayan rajista, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da cututtukan da mai talla ke lissafawa. Batun tsada kuma, tsohon Pu'er na gaske yana kuɗi sosai, jabunsa kuma sun cika kasuwa, har a can Sin farashinsa ya taɓa hauhawa ya rikito a 2007 ya karya mutane da yawa. Idan aka ce muku wannan ya shekara talatin, ku kawo dubu ɗari, cinikin biri a sama ne.

Ga matafiya kuma, kada ku karɓi saƙon ƙunshin da ba a buɗe a gabanku ba, ko da an ce shayi ne kawai. An sha kama miyagun ƙwayoyi a cikin fakitin shayin Sin a ƙasashen Asiya, dokar Sin kan safarar ƙwaya ta kai har hukuncin kisa, jami'an NDLEA kuma a filin jirgin Murtala Muhammed wanda suka samu da kaya shi suke tambaya. Ku buɗe, ku gani, ku shinshina kafin ya shiga akwatinku.

Ajiya a garin laima

Legas ba Kano ba ce. Da damina laimar iska a nan na haura kashi 80 cikin ɗari, curin da ya iso lafiya zai iya yin fumfuna cikin makonni kaɗan a ɗakin da ba ya shan iska. Ku bar shi cikin takardarsa, ku sa a kwali mai tsabta, ku ɗora a sama nesa da bango da ƙasa. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, don haka a nisanta shi da daddawa, busasshen kifi, turaren wuta da sabulu. Kada a sa a firji, domin duk fitarwa sai ya yi gumi. Ku riƙa duba shi duk wata, musamman a Yuni da Yuli.

Idan bayan duk wannan har yanzu zuciyarku ba ta kwanta ba, ku ɗauko shi da takardarsa, ku haɗo da magungunan da kuke sha, ku kai wa masanin harhaɗa magunguna mafi kusa da ku. Matambayi ba ya ɓata. Wanda kuwa babu takarda, babu suna, babu wanda ya san inda ya fito, ku yi wa mai tsaraba godiya, amma kada ya shiga butarku.